Kiran Da Ya Fito Daga Kachala

Bayan la'asar Abdulmannan ya zura kwamfutarsa a jaka, ya ce wa mahaifiyarsa zai je kan jinga ya dawo.

"Da yammacin nan?" in ji Inna 'Yar'azumi, tana gyaran kifi a bakin murhu.

"Ba daɗewa zan yi ba, Inna. Gobe Juma'a, so nake ki ji shi."

Ta san wanda yake nufi. Kafin mijinta Malam Ari ya kwanta ciwon ajali, Abdulmannan ya taɓa zaunar da shi ya naɗi muryarsa a kwamfutar nan. Tsohon masuncin ya yi ta zuba, yana faɗin sunayen rassan kogin Hadejia, da inda ruwa ke da zurfi, da inda kifin ƙarfasa ke taruwa, yana yi yana tari yana dariya. Malam Ari bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Saboda haka muryar nan ita kaɗai ta rage musu, kuma duk Juma'a Inna takan shimfiɗa tabarma a kunna mata.

Ita kuwa kwamfutar tsohuwa ce 'yar gwanjo, batirinta ma da salatef aka riƙe shi. Abdulmannan ya sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya leƙa cikinsa ya gyara. Malamin kwamfuta ne a wata makaranta cikin Hadejia, kuma in ya fara yabon tsarin nan sai mutum ya nemi uzurin tashi. To rannan ya fara sabunta shi a makaranta, data ya ƙare aiki na tsakiya. Tun daga nan sautin kwamfutar ya mutu murus. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, Inna na shimfiɗa tabarma tana naɗewa ba ta ce masa uffan ba. Shirun nan nata ya fi faɗa yi masa ciwo.

A ƙauyensu, can wajen Kirikasamma, sabis ba ya zama a gida. Sai an hau jingar da aka tare ambaliya da ita, a bi ta har inda gonakin shinkafa suka ƙare, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta fara. Nan akwai wata goruba, a gindinta waya ke kamawa sosai.

A mashigi ya tarar da Kawu Hussaini, ƙanin mahaifinsa, yana ɗaure kwale-kwale.

"Malam na boko, ina zuwa rana na faɗuwa?"

"Gindin goruba, Kawu. Wani ɗan aiki ne."

Kawu ya dubi rana, ya dubi jakar. "Ka dai san dokar bakin ruwan nan. In magariba ta same ka, ko wa ya kira ka, kada ka amsa sai ka ga fuskarsa."

"Na sani, Kawu."

"Sani daban, riƙewa daban," in ji Kawu, ya saɓa filafilinsa ya wuce.

Abdulmannan ya zauna a gindin gorubar, ya haɗa kwamfuta da sabis ɗin wayarsa, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai. Ya ba da umarnin ƙarasa sabuntawa. Ta ƙi. Ta ce wasu manhajoji sun tsaya rabi da rabi, sabo bai gama shiga ba, tsoho bai gama fita ba. Ya ba da umarnin gyara su. Ta ce wuri ya cike. Ya share tarkacen da ba ya buƙata, ya sake gwadawa, sai ta shiga jero masa tambayoyi, kowace sai ya karanta ya amsa. Ga rana ta yi ja, ga sauro sun fara kawo gaisuwa.

Ya kira abokinsa Zaharaddeen, mai shagon gyaran kwamfuta a Hadejia.

"Ka kwafe muryar Baba a wani wuri tukuna?" Abin da Zaharaddeen ya fara tambaya ke nan.

"Wayata a cike take, filashina kuma na baro shi a makaranta. Bar wannan, aikin ai ba mai yawa ba ne. Tambayoyin nan ne ke cinye mini lokaci."

"Kai dai ba ka jin magana. To ƙara harafin nan a ƙarshen umarnin, wanda ke sa ta amsa eh ga komai da kanta. Amma akwai irin tambayar da ba ta amsawa, in ta zo kan a bar tsoho ko a sa sabo. Wannan sai mai kwamfuta da kansa. Kuma don Allah, in ta fara shigarwa kada ka kashe ta. In ka kashe, za ka iya rasa komai."

Abdulmannan ya ƙara harafin. Rubutu ya soma gudu a allo, tambaya na fitowa, amsa na bin ta. Ya jingina da goruba yana murmushi, yana jin kansa gwani. Mutumin da ya tashi a bakin ruwan nan, wanda aka yi wa kashedi ɗazu-ɗazu, shi ne ya kawo abin da ke cewa eh ga kowa ya ajiye a gaban kachala da almuru. Ko a ransa bai kawo ba.

Tsuntsayen janbaki suka wuce gungu-gungu zuwa makwancinsu. Hayaƙin bandar kifi ya taso daga ƙauye, ya gauraya da warin laka. Can nesa ya ji ladan ya fara kiran salla, siriri, iska na yanke shi. Ya dubi allo. Saukewa ta ƙare, an fara shigarwa. Yanzu ne ba a kashewa, ba a kuma rufe ta. Ya ce a ransa saura kaɗan, in ya gama ya yi salla a gida.

Kwaɗi ne suka fara yin shiru.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da tafin hannu. Sauron da ke kuka a kunnensa ma ya neme su ya rasa.

Ya dubi allo. Rubutun da ke gudu duk da Turanci yake, kamar kullum. Sai wani layi ya fito da Hausa.

Akwai masu son shiga. A buɗe musu?

Shi bai taɓa sa wa kwamfutar nan Hausa ba. Kafin ya ɗaga yatsa, ta amsa da kanta. Eh.

Suna da yawa. A buɗe wa duka?

Eh.

Ya danna maɓallan tsayar da aiki. Babu abin da ya tsaya. Ya jawo waya zai kira Zaharaddeen, ya ga babu sabis ko ɗigo. Amma a allo layin da ke nuna inda shigarwa ta kai na ci gaba da cika.

Wani wari ya taso, na ɗanyen kifi da ruɓaɓɓiyar ciyawar ƙasan ruwa. Kachala ta fara motsi alhali babu iska. Ba samanta ke kaɗawa ba, gindinta ne ke buɗewa, kamar mutane na ratsowa a tsugune.

Ya yi niyyar tashi. Ya tuna tabarmar Inna. Ya zauna.

Layin ya kusa cika, sai komai ya tsaya cak. Tambaya ɗaya ta rage a allo.

A bar tsohon mai gida, ko a sa sabo?

Wannan karon kwamfuta ba ta amsa ba. Ɗan ɗigon haske na ƙiftawa a ƙarshen layin, yana jira.

Sai lasifikar da ta yi makonni a mace ta yi ƙara-ƙara. Aka yi tari. Tarin da ya sani.

"Auta, abin naka yana ɗauka?"

Haka naɗin ke farawa. Mahaifinsa kaɗai ke kiransa Auta. Ya haddace wurin nan kamar karatun allo. Daga nan muryar Abdulmannan ce ke biyowa, ta ce na'am Baba, yana ɗauka, tsohon ya yi dariya ya fara.

Muryarsa ba ta biyo ba. An cire ta. An bar gurbinta a buɗe.

Shiru. Ruwa na ɗiga a wani wuri kusa.

"Auta."

Hawaye suka zubo masa. Tun yana rarrafe, bai taɓa barin mutumin nan ya kira shi sau biyu ba. Bakinsa ya buɗe da kansa. Na'am ɗin ta hau har kan harshensa.

Ya cije harshen, har ya ji ɗanɗanon jini.

"Auta, ba ka ji ne?"

Wannan babu shi a naɗin.

Kuma ba daga lasifika ya fito ba. Daga cikin kachala ne, ta hannun damansa, ƙasa-ƙasa, daidai fuskar ruwa.

Bai waiwaya ba. Ya dubi hannuwansa. Maɓallan kwamfuta sun jiƙe, ruwa mai sanyi na tsattsafowa ta tsakaninsu yana bin cinyarsa.

"Tun ɗazu ake ce mana eh," in ji muryar, a hankali, da irin lallashin Malam Ari. "Saura kai."

Ya danne maɓallin kashewa ya riƙe. Ba ta mutu ba.

Kachala ta buɗe a bayansa. Ya ji laka na tsotsar ƙafa. Taku. Wani takun. Ba na mutum ɗaya ba.

Ya kifa kwamfutar. Ya san abin da zai yi, ya san kuma abin da zai rasa. Ya nemi gafarar Inna a zuci, ya kama salatef da farce ya yage, ya fizge batirin.

Hasken ya mutu. Duhu ya rufto.

"Auta!"

A ƙeyarsa. Numfashi mai sanyi, mai warin ƙasan kogi.

Ya rungume kwamfutar ya zura da gudu bisa jinga, yana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, bakinsa a ƙulle. Wani abu mai santsi ya kama dugadugansa. Ya fizge, takalmin ya tafi. Ta dama ruwa na fantsama, ta hagu shinkafa na kwanciya, suna biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Muryar na kira. Da rarrashi. Da faɗa. Daga baya da tari, irin na kwanakin ƙarshe, lokacin da tsohon ke kiransa ya ɗaga shi ya sha ruwa.

Wannan ce ta kusa kayar da shi.

Ya hango tocila a mashigi. Ya yi karo da mai ita, suka zube tare.

"Ka amsa?" Kawu Hussaini ya riƙe kafaɗunsa yana girgiza shi, yana haska fuskarsa. "Dube ni, ni ne. Ka amsa?"

Abdulmannan ya girgiza kai. Jini na bin haɓarsa.

A bayansu kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Zazzaɓi ya kwantar da shi kwanaki. Da ya miƙe, ya kai kwamfutar shagon Zaharaddeen. Da aka kwance ta, laka ce cike a ciki har ta bushe. Zaharaddeen ya ciro ma'ajiyar bayananta, ya ce ya dawo washegari.

"Na samo naɗin," ya ce masa da ya dawo, amma bai yi murna ba. "Sai dai babu muryar Baba a ciki, ko tarinsa. Taka ce kaɗai. Kana cewa na'am Baba, sai shiru mai tsawo, sai ka sake cewa na'am."

Abdulmannan ya matso kusa. "A lasifika ka kunna?"

"A'a, abin kunne na sa."

"Miƙo nan."

Amsar da ya hana su ce ke zaune a ciki, tana jiran wanda zai kunna ta a fili. Da hannunsa ya goge naɗin, ya sa aka farfasa ma'ajiyar da guduma a gabansa.

Har yanzu yana koyarwa, har yanzu yana yabon Linux, amma ya hana ɗalibansa ƙara harafin nan. Kowace tambaya sai sun karanta ta da idonsu. Kuma in aka kira shi ta baya ba ya amsawa, ko da tsakar rana ne, sai ya juya ya ga mai kiran.

Ranar Juma'a Inna ta shimfiɗa tabarma kamar yadda ta saba. Ya durƙusa a gefe, ya faɗa mata komai, ya ce muryar ta tafi ke nan, shi ya jawo. Ta daɗe tana kallon wurin da ake ajiye kwamfutar.

"Ranar ni ma na ji shi," ta ce. "Daga bayan danga, ina alwalar magariba. Cewa yake in zo in taya shi kiranka, ka ƙi amsa masa."

"Me kika yi, Inna?"

"Na toshe bakina da gefen zane. Na yi ta roƙon Allah ya sa ka yi wa ubanka rashin kunya, sau ɗaya a rayuwarka."

Ta share ido, ta matsa gefe ɗaya, ta buga tabarmar da tafin hannu.

"Zo zauna nan. Faɗa mini sunayen rassan kogin, iya waɗanda ka riƙe."