Tiyon Zailani

Ana sallame azahar ranar Talata wata motar a-kori-kura ta tsaya ƙofar caji ofis na Daura. A bayanta akwai gawa lulluɓe da tabarma, da wani mutum jiƙe sharkaf, bakinsa na zubar da jini, mutane huɗu sun danne shi.

Sufeto Sha'aban ya fito da cokali a hannu. Mutum ne da ya tsani a raba shi da abincinsa, amma da ya ga fuskokin nan sai ya manta da shinkafar.

Gawar ta Zailani ce, ɗaya daga cikin masu nutso biyu da wani ƙaramin kamfani ya ɗauka don share bakin bututun wani dam a ƙasar Daura. Suna shiga ruwa goye da tukunyar iska, tiyon roba na kawo musu numfashi zuwa baki. Tiyon Zailani ya tsinke a ƙarƙashin ruwa, wata tsohuwar komar masunta ta riƙe masa ƙafa. Abokin aikinsa Zakiyyu ne ya fito da shi, kuma shi dangi suka lakaɗa wa duka.

"Shi ya yanke tiyon!" in ji Rahmatu, matar mamacin, muryarta duk ta dishe. "Shekaranjiya kowa ya ji su suna faɗa."

DPO bai tsaya dogon tunani ba. Ya ce gobe da azahar a wuce da Zakiyyu Katsina kan tuhumar kisan kai, kafin jama'a su ƙone masa ofis. Sha'aban ya san wanda ya tafi da irin wannan takarda, sai ya yi furfura kafin a sake tuna sunansa.

Ya sa aka fito da Zakiyyu daga bayan kanta.

"Kun yi faɗa da mamaci?"

"Ba mu yi ba, yallaɓai."

"Mutum shida sun ji ku. Ka ci gaba da ƙarya, ni kaina zan rufe maka ƙofar mota gobe."

Zakiyyu ya fashe da kuka. "Mun yi. Kan kayan aiki ne. Ni nawa gida nake kaiwa, in ɗauraye tiyon da ruwa mai tsabta, ya bushe a inuwa, in naɗe shi sakwa-sakwa cikin jaka. Na ce ya daina barin nasa a siton kamfani. Ya ce raina kawunsa nake yi. Yallaɓai, shekara tara muna shiga ruwa tare. Ka taimake ni, wallahi ba ni da kowa a nan."

"Wane ne kawun?"

"Baba Auta, mai kula da sito. Zailani ne ya samo masa aikin."

Sha'aban ya koma ofis ya jawo tiyon da aka ajiye a matsayin shaida. Kiyashi sun yi masa baƙi ƙirin, har sun yi layi a kan teburinsa. Ya tsaya yana kallonsu. Me kiyashi zai ci a jikin roba? Ya kai hanci, sai ya ji ƙarnin man shanu haɗe da warin baƙin man inji. Inda ya tsinke, dab da ƙarfen da ake ɗaurawa a tukunya, robar ta kumbura tana danƙo, bakin ya yi kaca-kaca. Wuƙa ba ta yin irin wannan yanka.

Washegari da hantsi, bayan an kai Zailani makwancinsa, Sha'aban ya ɗauko Baba Auta daga wurin zaman makoki zuwa dam. Dattijo ne siriri, mai ladabi har ya yi yawa.

"Kana taɓa kayan nutso?"

"Ni? Ranka ya daɗe, buɗewa da rufewa kawai aka ɗauke ni."

Sito ɗin tsaf yake, abin sha'awa. Sha'aban bai yarda da tsabtar da aka yi jiya-jiya ba. Ya zagaya baya, inda rana ke dukan bango tun safe, ya ga ƙusoshi uku a jere, ƙarƙashin kowace maiƙo ya zana dogon layi.

"Me ake ratayewa a nan?"

"Tsumma."

"Tsumma mai man shanu?"

Baba Auta ya kau da ido daga bangon, Sha'aban ya sauya tambaya.

"Kafin sito wace sana'a kake yi, Baba?"

"Dukanci. Shekara arba'in. Linzami, sirdi, igiyar guga, babu wanda ban yi ba."

"Igiyar fata in ta bushe, ya ake yi mata?"

Bakin tsohon ya riga hankalinsa. "Mai za ka ba ta, ka lanƙwasa ta sosai, ka rataye a rana ta sha." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya dafa bango.

Sha'aban ya koma cikin sito ya ɗauko ɗaya daga cikin ragowar tiyon da ke cikin wani akwati, ya ja rigar robar da ke rufe wuyansa baya. Tsaga ce a wurin, tsawon farce, an cike ta da gam an bi da baƙin rini irin na dukawa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma wannan ne ya fi ɓata wa Sufeto rai.

"Kuskuren mai zan iya fahimta," in ji shi. "Wannan fa? Ka ga tsaga ka rufe."

Baba Auta ya zube ƙasa. "Na ga suna bushewa ne, na ce yaron nan ya rufa mini asiri, bari in gyara masa kaya. Na zaci roba ma kamar fata ce. Da suka fara tsagewa sai tsoro ya kama ni. In kamfani ya ji, za a kore ni, a kore shi saboda ni. Na ce gam zai riƙe."

"Shi ma na Zailani ka liƙe?"

"Ranar Lahadi. Da hannuna na miƙa masa jiya."

"Kana tsaye aka daki Zakiyyu."

"Ina tsaye." Ya rufe fuska. "Ɗan ƙanwata ne, ranka ya daɗe. Da wane baki zan gaya mata?"

Sha'aban ya mayar da tiyon cikin akwati. Ya sa wani kofur ya kwashe tiyon duka, ya hana a sa wa tsohon ankwa. Saura minti ashirin azahar suka iso ofis, motar Katsina har an tayar da ita.

Da aka buɗe bayan kanta, Zakiyyu ya fito yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure. Ya ga Baba Auta tsakanin 'yan sanda biyu, ya gane komai. Sai ya juya wajen Sufeto.

"Yallaɓai, a ba ni ruwa in yi alwala. Ina so in samu sallar Zailani."

"An rufe shi tun da safe."

Zakiyyu ya zauna dirshan nan bakin ƙofa, ya kifa kai a gwiwa. Sai da kofur ya ɗaga masa ƙafa gefe kafin aka samu hanyar shigar da tsohon.