Zagayen Bankwana

Dambun masara na kan wuta, ƙamshin kofi ya cika kicin. Jussara ta ga babu lokacin da ya fi wannan, don uwarta Dona Zuleide ba ta faɗa da safe sai an tsokane ta.

"Mama, Edvaldo yana son ya zo gaishe ki ranar Lahadi. Akwai magana a bakinsa."

"Ɗan acaɓan nan da ya karye? Ƙafar ta ɗinke?"

"Da sauƙi, yana dogara sanda. Ya buɗe rumfar gyaran waya a bakin kasuwa."

Yayanta Cleiton, wanda aikinsa a gidan shi ne jiran a zuba masa, ya tuntsire da dariya.

"Ki ƙarasa mana, ƙanwata. Gyaran waya da safe, karta da yamma. Foka yake bugawa a intanet, Mama. Surukin naki ɗan caca ne."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Dona Zuleide. Ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

Duk wanda ya daɗe a unguwarmu ta birnin Campina Grande ya san dalili. Marigayi Seu Genival, uban yaran, mutumin kirki ne har sai an raba kati. Mu nan, kofin ƙarshe da mutum zai sha kafin ya tashi, ko zagayen karta na bankwana, shi muke kira saideira, kuma kowa ya san ƙarya ce, ba ta taɓa zama ta ƙarshe. Da saideira Genival ya rasa akuyoyi, da ita ya rasa keken ɗinkin matarsa, da ita ya rasa gidan da aka haifi Jussara. Ya mutu a ɗakin haya, bai kai hamsin ba.

"Mama, ba irin ta Baba ba ce," in ji Jussara. "Yana kwance da ƙafa ya koya, don kar tunani ya kashe shi. Teburin 'yan kwabbai yake zama. Hular kwanonsa ya sayar ya yi jari, kuma jarin daban yake, ba ya haɗa shi da kuɗin tukunya. Kashi hamsin ya raba shi, da kashi ɗaya yake zama. In an cinye shi sau uku, ya tashi ke nan sai gobe."

"Ubanki ma da kwabo ya fara."

Duk da haka ranar Lahadi Edvaldo ya zo, rigarsa a goge, sanda a hannu. Dona Zuleide ta zuba masa wake da shinkafa ba ta ko dubi fuskarsa ba. Cleiton kuwa ya sami abin yi.

"Wai da gaske wata takwas kana tara kwabbai? Da wannan za ka riƙe mace? Maza suna babban tebur, kai kana wasan yara kamar mai tsince tsakuwa a wake."

Edvaldo ya yi murmushin yaƙe, amma Jussara ta ga kunnuwansa sun yi ja. Da ya gabatar da buƙatarsa, uwar ta ce a taƙaice: ya nemo gidan haya mai firji kafin São João, babban bikin garinmu na watan Yuni, sannan a yi magana.

Bayan mako guda Jussara ta kai masa abincin rana a rumfa. Ta tarar da Cleiton a kusa da shi yana zuga shi, Edvaldo kuma ido a kan waya, gumi na tsiyaya a wuyansa. Ko ba a gaya mata ba ta gane. Jarin nan da aka raba hamsin an haɗe shi wuri guda, an hau teburin manya da shi, har rabi ya tafi.

"Valdo, tashi."

Bai ɗago kai ba.

"Don Allah ka tashi. Ni ban ce ina son firji ba."

"Saideira, Ju. Wannan kaɗai, in mayar da abina."

Tana 'yar shekara bakwai ta ji kalmar nan daga bakin ubanta, tana riƙe da gefen wandonsa a ƙofar mashaya. Ta ajiye kwanon ta juya. Kafin ta kai gida an share jarin tas, kuma Cleiton, wanda ya ingiza mai kantu ruwa, ya riga ta isa da labari.

"Kin ji da kunnenki?" in ji Dona Zuleide. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi faɗa ciwo. "Ni na binne nawa. Ba zan zauna in ga kin binne naki ba. Kar ya sake taka mini ƙofa."

Washegari Edvaldo ya tare ta a hanyar coci, idanunsa sun kumbura.

"Ba kuɗin ne ya ƙona ni ba, Valdo, kalmar ce. Ba zan bijire wa Mama ba, ba kuma zan saurari wani ba. Sauran yana hannunka."

São João ya zo, aka hura wuta a kowace ƙofa, aka gasa masara, 'yan mata suka yi rawa har takalma suka tsinke. Jussara tana ɗaki tana kuka. Ta rame, zoben azurfarta ya riƙa zamewa daga yatsa. Labarin Edvaldo sai dai a bakin mutane: wai ya koma gasar da ake shiga kyauta, wai ya sake tara 'yan kwabbai, wai Cleiton ya je da zugarsa, Edvaldo ya ba shi kofi ya sallame shi. Ta ji daɗi, amma daɗin bai hana ta hawaye ba.

Shekara ta zagayo. Wata Asabar da rana Dona Zuleide ta dubi kwanon 'yarta da ba a taɓa ba, ta ɗauki jakarta.

"Sa takalminki, ki raka ni kasuwa."

Kai tsaye rumfar ta nufa. Edvaldo ya miƙe a rikice, ta zauna a bencinsa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Buɗe abin nan in gani."

Ya buɗe wasan a wayarsa. Aka raba kati, ya ajiye. Aka sake rabawa, ya ajiye. Aka sake, ya ajiye.

"Kai wasa kake ko gadi?"

"Yawancin katin na zubarwa ne, Dona Zuleide. Jira ya fi yawa a ciki."

Ranar kuwa sa'a ta juya masa baya. Aka cinye shi sau ɗaya, aka sake. A na uku katinsa ya fi na kowa kyau, sai wani mai ƙashin arziki ya haye da katin ƙarshe. Edvaldo ya sauke numfashi, ya kai hannu zai rufe.

Dona Zuleide ta zaro takardar reyal hamsin ta ajiye a gabansa. Muryarta ta yi laushi, irin ta abokan Genival.

"Haba, ɗana, zalunci aka yi maka, ni ma na gani. Ga nawa. Saideira."

Jussara ta dafe ƙirji.

"Yau sau uku ke nan," in ji Edvaldo. "Na tashi."

"In ka ci wannan, na ba ka Jussara. Yau ɗin nan, a gaban mutanen kasuwa."

Ya dubi Jussara, hawaye suka cika masa ido. Ya mayar da ido kan wayar. Sannan ya kashe ta, ya kifa ta a kan tebur, ya tura mata kuɗinta.

"To na rasa ta ke nan. In na zauna yanzu, ko na ci, wanda zai tashi daga nan bai cancance ta ba."

Dona Zuleide ta rufe fuska da gefen rigarta ta fashe da kuka, kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba.

"Shekara ashirin ina cewa Genival tashi, Genival tashi. Sau ɗaya ma bai tashi ba." Ta share ido, ta kamo hannun 'yarta ta ɗora a nasa. "Ungo. Firjin ku saya in Allah ya hore."

An ɗaura auren a São João na bana, suka tare a ɗaki guda mai tukunyar ruwan sanyi a madadin firji. Har yau Dona Zuleide ba ta son karta, kuma ba ta ɓoyewa. Gyaran waya ke ciyar da gidan, jarin wasa yana can gefe ba ya kusantar tukunya.

Ku 'yan mata, kada ku auna namiji ranar da ya ci, kowa mutumin kirki ne a ranar. Ku dube shi ranar da aka cinye shi, ku ga ko ya iya haƙuri ya tashi.