Shaƙiƙi, Zubin Farko

Bakin alƙalamin ya sauka a kan takarda, wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a wuyansa, sai layi ya soma miƙewa kamar zaren da ake warwarowa daga mazari. Na'urar hoton da ke rataye a saman teburin tana haska komai a jikin bango, kowane harafi ya kai tsawon kamu. Haladu ya ja ƙugiyar ƙ, ta tanƙwaso kamar lauje, sannan ya ɗaga hannu. Mutanen da suka cika shagon suka saki numfashi tare.

"Tubarkalla!" in ji wani dattijo. "Malam Haladu, wannan ai sai a sa a gilashi."

Lurwanu kuwa yana can gefe. Yana zaune a kujerar da ya saba zama, akwatin alƙalumansa a buɗe a kan cinyarsa, babu wanda ya ko leƙa.

A Funtuwar wannan zamanin rubutu da hannu ya zama abin marmari. Jiragen ƙasa na ratsawa ta tsakanin benaye a kan dogo mai rataye, mutum ya yi wa bango magana bango ya rubuta masa. Waɗanda har yanzu ƙamshin tawada ke motsa musu rai ba su da yawa, kuma duk Asabar suna haɗuwa a shagon Hajiya Kulu, can saman benen kasuwa, su ga abin da ya fito sabo, su ji abin da aka dawo da shi bayan ya ƙare. Shekara da shekaru Lurwanu ne tauraron wannan majalisa. Ma'aikaci ne a tashar da ke kula da zirga-zirgar jiragen aike marasa matuƙa, kuma a gidansa akwai kabad ɗin gilashi mai sanyaya kansa, cike da alƙaluma. In an fitar da sabo, a hannunsa ake fara ganinsa.

Sai Kamfanin Tsinin Gamba ya fitar da Shaƙiƙi.

Shaƙiƙi alƙalami ne mai koyon mai shi. A jikinsa akwai wasu siraran wayoyi da aka laƙaba wa suna jijiyoyin-ji, su ne ke auna yadda yatsu suka riƙe, da nauyin dannawa, da inda hannu ke sauri da inda yake jinkiri. Duk wannan yana taruwa a wata 'yar ƙwayar lantarki, ƙwaƙwalwar-hannu. Bayan 'yan watanni alƙalamin ya san rubutun mutum a ranarsa mafi kyau, in hannu ya kauce, wasu ƙananan injuna a bakinsa su mayar da layin kan hanya. Kamfanin yana alfahari da cewa ba ya ajiye hannun kowa a rumbunsa, don kada ɓarayin sa-hannu su samu abin sata. Abin da alƙalami ya koya, a cikinsa kaɗai yake.

Abin da ya tsaya wa Lurwanu a maƙogwaro shi ne, shi da bakinsa ya ba Haladu labarin Shaƙiƙi. Tare suka tashi, benci ɗaya suka zauna a makaranta. Haladu tsohon mai zanen taswira ne da ya ajiye aiki, mutumin da bai taɓa mallakar alƙalami mai tsada ba. Ranar da aka fitar da zubin farko, jiragen aike suka cushe a sararin kasuwa, aka riƙe Lurwanu a tasha. Ko da ya iso a guje, allon shagon ya riga ya rubuta cewa kaya sun ƙare. Na ƙarshen yana aljihun Haladu.

"Mutumina, da na san ba ka samu ba..." in ji Haladu.

"Haba, mene ne a ciki? Rabonka ne," Lurwanu ya amsa yana dariya. Dariyar iyakarta haƙora.

Ya jira a dawo da kaya. Kullum da safe kafin ya karya sai ya duba allon sanarwa. Aka ce wata mai zuwa, aka sake cewa bayan salla. A tsawon wannan jira rubutun Haladu ya zama abin da ake zuwa kallo, har daga Malumfashi da Gusau. Da aka dawo da Shaƙiƙi a ƙarshe, Lurwanu ne a gaban layi. Ya kai shi gida kamar jariri, ya dinga rubutu safe da yamma, yana jiran ranar da majalisa za ta saki numfashi dominsa.

Ranar ba ta zo ba. Rubutunsa ya ƙara tsabta, layinsa ya miƙe, amma ƙugiyar ƙ ɗinsa tana nan a dunƙule kamar ƙusar da guduma ta kuskure.

"Hajiya, wannan zubin na biyu an rage masa wani abu," ya ce wa mai shagon.

Hajiya Kulu ta ɗago daga kwalaben tawadar da take jerawa. "Alhaji Lurwanu, injin ɗaya ne ya zuba su. Ni na buɗe kwalayen da hannuna."

"To me ya sa nasa ya fi?"

"Alƙalamin ba ya ba mutum hannun da ba nasa ba."

Maganar ta yi masa zafi fiye da mari, don haka ya ƙi yarda da ita. Ya shiga zaurukan yanar gizo na masu tara alƙaluma, ya tarar da masu irin ra'ayinsa: zubin farko daban ne, kamfani ne kawai ke ɓoyewa. Ya riƙe wannan da hannu biyu. Ya fara lura da wasu halayen Haladu da ya fassara da girman kai. Mutumin ya daina shan shayin majalisa. Ya daina miƙa hannu a gaisa, sai dai ya dafa ƙirji. In an nemi a taɓa alƙalaminsa sai ya yi murmushi ya mayar da shi kube. Wato yanzu mun yi masa kaɗan, Lurwanu ya raya a ransa.

Wata Asabar Haladu ya sanar da auren autarsa Zinatu, ya ce duk katin gayyata da hannunsa zai rubuta sunan mai shi. Shagon ya kaure. Wannan yana cewa kada a manta da shi, wancan yana cewa ko bai samu zuwa ba a ba shi katin ya ajiye. Lurwanu yana kallo, ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Aka kira la'asar. Mutane suka nufi ɗakin salla da ke ƙarshen baranda. Haladu ya cire babbar rigarsa don alwala, ya rataye a bayan kujera, kuben alƙalamin yana leƙe daga aljihu. Zubin farko da na biyu kamarsu ɗaya, ko uwarsu ba ta bambanta su. Lurwanu ya tsaya kamar mai neman takalminsa. Kafin ya bi sahu, nasa ya koma kuben Haladu, na Haladu ya koma aljihunsa.

A gida ya kulle ƙofa, ya shimfiɗa takarda mafi kyau. Yana ɗora bakin alƙalamin sai ya ji yana fizgar yatsunsa, dama da hagu, kamar yana kokawa da wani abin da ba ya nan. Layin ya fito a karkace, tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Fitilar ta koma ja, wata siririyar murya ta fito daga wuyansa.

"Ban san wannan hannun ba. A manta da na baya?"

Lurwanu ya dubi jar fitilar. Ya yi tunanin ya mayar da shi gobe, ya ce kuskure ne. Sai ya tuna yadda shagon nan ke yin tsit in Haladu ya ɗauki alƙalami. Ya danna babban yatsansa a kan fitilar.

"An manta," in ji muryar.

Ya rubuta. Ya sake rubutawa. Ya yi kwanaki yana cika takardu. Alƙalamin ya yi laushi, ya bi shi sau da ƙafa, kuma ƙugiyar ƙ ta fito a dunƙule, daidai yadda take fitowa a zubi na biyu.

Ranar Laraba Hajiya Kulu ta kira shi, ta ce ya zo shago, shi kaɗai. Ya tarar ta rage hasken allunan talla, tana zaune a gaban na'urar gwaji.

"Malam Haladu ya kawo mini alƙalaminsa, wai ya lalace," ta ce. "Na ɗora shi a kan na'ura. Lafiyarsa ƙalau. Amma hannun da ke cikinsa ba na Malam Haladu ba ne. Na daɗe ina ganin rubutunka, Alhaji. Ban ce masa komai ba, na mayar masa na ce ya ba ni lokaci. Ka kawo nasa yanzu, mu rufa wa juna asiri."

Lurwanu ya fiddo shi ya ajiye a kan teburi. "Na riga na wanke shi."

Hajiya Kulu ta dafe kai. "Innalillahi. Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Zan saya masa sabo. Ai an dawo da su."

"Sabo ya koyi me?" Ta dube shi ido cikin ido. "Amana Malam Haladu ya ba ni, amma yau dole in faɗa. Ciwon rawar hannu ne ya kama shi. Likita ya gaya masa tun bara cewa hannun zai tafi. Shi ya sa ya bi layi ranar nan, ba don gasa da kowa ba. Ya samu 'yan watannin da hannun ke da sauran ƙarfi, ya koya wa alƙalamin duk abin da ya iya. Yanzu ko kofin shayi ba ya iya riƙewa a gaban mutane. Rubutun da kuke gani a bango, alƙalamin ne ke danne rawar yana mayar masa da hannunsa na da."

Sai a lokacin Lurwanu ya gane abin da alƙalamin ke kokawa da shi a yatsunsa.

"Kamfani fa? Ba su da ajiya?"

"Ba ka ji tallarsu ba? Da wannan suke taƙama." Ta tura masa alƙalamin. "Bakin alƙalami ya riga ya bushe, Alhaji. Ka je ka same shi. Ni ba zan kai wannan saƙon ba."

Gidan Haladu yana tsohuwar unguwa, a ƙasa, inda inuwar dogon jirgi ke wucewa ta kan rufi. Lurwanu ya same shi a zaure a kan tabarma. Katunan biki sun kasu biyu a gabansa, tsibi ɗaya an rubuta, ɗayan kuwa, wanda ya fi tsayi, fari fat. Yau bai ɓoye hannunsa ba. Yana kan gwiwarsa yana karkarwa kamar ganyen da iska ke kaɗawa.

Suka gaisa. Lurwanu ya buɗe baki, Haladu ya riga shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Zo ka gani." Ya jawo wata takarda. Layin ya yi rawa, amma haruffan sun fito, kuma kowace ƙ a dunƙule take. "Tun ranar Asabar yake ja na zuwa wannan. Lurwanu, tun muna yara nake ganin wannan ƙugiyar. Jira kawai nake ka dawo mini da nawa."

Lurwanu ya durƙusa, ya ajiye alƙalamin a bakin tabarma, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba.

Haladu ya daɗe yana kallon alƙalamin. Ya ɗauka, fitilar ta kama ja, muryar ta ce ba ta san wannan hannun ba. Ya ajiye shi a hankali.

"Da ka tambaye ni, da na gaya maka," ya ce. "A'a, ƙarya nake. Da ban gaya maka ba. Kunya nake ji ku gan ni haka."

"An ce suna shirin fitar da wani sabo," Lurwanu ya ce da sauri. "Wai shi ba ya buƙatar koyo, da hannuwa iri-iri yake zuwa, mutum ya zaɓi wanda ya so. Ko nawa ne zan..."

"In zaɓi hannun wa?" Haladu ya ɗaga nasa, yana rawa a tsakaninsu. "Ni nawa nake so. Shekarata nawa ina gina shi, suka ce sun sa mini shi a cikin ƙarfe ya zauna lafiya. Ashe dannawa ɗaya ce tsakaninsa da kabari."

Daga cikin gida ana jiyo dariyar mata da ƙarar tukwane. Haladu ya share ido da bayan hannun hagu, sannan ya tura farin tsibin gaban Lurwanu.

"Na yi wa yarinyar nan alkawarin rubutun hannu, kuma biki ya matso. Zan faɗi sunayen, kai ka rubuta."

"Haladu, rubutuna ai..."

"Na san rubutunka. Zauna."

Lurwanu ya zauna. Haladu ya ɗauko kati ɗaya daga cikin waɗanda ya gama, ya jingina shi da kwalbar tawada don a ga tsarin layi, ya fara kiran sunaye. Lurwanu yana rubutawa, kunya tana cin sa har ƙashi. Amma duk sanda ya ɗago ya dubi katin da ke jingine, yadda haruffan suka tsaya kowanne da sararinsa, sai ya ji tsohon ɗacin nan yana tasowa daga ƙasan ƙirjinsa, bai ragu da komai ba. Hannun da ya yi wannan rubutu babu shi a duniya kuma, shi ya kashe shi, ga shi har yanzu ya fi nasa.

"Ka tsaya," in ji Haladu. "Saura da yawa."

Lurwanu ya sunkuyar da kai, ya jawo wani katin.