Baƙon da Ya Shigo ta Fiffiken Hagu

Aikin ba mai wuya ba ne: in ɗauko hoton gonakin Lajawa daga sama, in sauka kafin magariba. Jirgin ɗan ƙarami ne, kujera biyu. Jikinsa ba ƙarfe ba ne, zare ne da gam aka daskarar. Irinsa aradu ba ta bi ta wuce, fasa shi take yi. Shi ya sa ake shimfiɗa ragar tagulla ƙarƙashin fenti, a haɗa fiffike da jiki da igiyar tagulla, in aradu ta shigo ta nan ta fice ta wutsiya.

Baba Yelwa, mai gadin filin jirginmu, kirkinsa har ya yi yawa. Da ya hango hadari a gabas, sai ya kwance igiyar fiffiken hagu ya sa aljihu. Tun yana yaro ya san ƙarfe ke kiran aradu. Bai ma gaya min ba, wai kada in wahala da godiya.

Ina saman kogin Wudil hadarin ya rufe ni. Gashin hannuna ya miƙe.

Haske. Ƙara. Sai ƙaurin gam.

Rediyo ta mutu, amma abin sauraron da ke kunnena bai yi shiru ba. Wani na numfashi a ciki.

"Jamil," in ji muryar, a hankali. "Na shigo. Ina ƙofar fita?"

Na dubi kujerar gefe. Ba kowa, amma ta lotsa.

Fiffiken ya fara ɓarewa kamar rake. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, ta ɓace min. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Muryar ta ce, "Kullum kuna bar min hanya. Yau wa ya rufe?"

Wani abu mai zafi ya biyo sandar tuƙi, ya shige tafin hannuna.

Na faɗa wata gonar dawa a Dagumawa. Manoma suka jawo ni, suka kwarara wa fiffiken da ke ci da wuta madarar shanu, yadda ake yi wa wutar aradu. Wutar ta mutu. Ni ba wanda ya tuna ya zuba min.

Ban sake tashi sama ba. Baba Yelwa ya zo har gida yana kuka, na ce na yafe. Amma duk ranar da hadari ya haɗu, matata Radiyya kan kwashe yara ta shige maƙwabta. Ta ce ba tsawar take tsoro ba. Muryata ce ke sauyawa, ina zaga ɗaki ina shafa bango, ina tambayar yaran ta ina ake fita.