Layin da Na Datse a Takardar Kaka

Saura kaɗan a kira magariba na koma shago ɗauko wata ambulan. Shagon buga takardu ne da kwafi a unguwar Bani Malik ta Jidda, na kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ni ke riƙe da makulli. Aikin minti biyar ne. Haka nake ta faɗa wa kaina a hanya.

Ga abin da ya kai ni. Mu huɗu muke wasa duk Alhamis bayan la'asar a ɗakina. Wasan zaune ne, na takarda da fensir da ɗan lido. Kowa ya zaɓi abin da zai zama, wannan jarumi, wancan ɓarawo, ni kuma ina ba da labari ina yanke hukunci. Ƙarti da gemu, muna tayar da jijiyar wuya a kan dodon da babu shi. Abokina Na'ibi, direban wani gida a Abhur, unguwar bakin teku, kullum shi ne boka, kullum kuma da ƙorafinsa.

"Ya Jabiru, littafin dokokin nan naka a hargitse yake. Kafin mutum ya gano sihiri ɗaya shayi ya huce. Ka tsara shi mana, halas, shi ke nan."

Ni kuwa a zage ni a kan komai, ban da tsari. Na zauna na karkasa sihirin babi-babi: na wuta, na ruwa, na warkarwa, na kiran aljanu. Da na zo babin kira sai kaina ya ƙafe. Duk abin da na ƙirƙiro sai ya fito kamar waƙar yara.

A nan na tuna da takardun Kaka Dela. Guda sha biyu ne, rubutun ajami, na mahaifinta, da su ta sauka Jidda tun tana budurwa. Daf da rasuwarta ta damƙa mini su ta ce, "Ka kai su Abhur ka jefa a teku. Kada ka karanta, kada kuma ka raba su." Na ce to. Shekara uku suna ƙasan akwatina.

Kowace takarda kashi biyu ce. Sama kiran aljani, ƙasa sallamarsa. A idon mai tsari wannan kwamacala ce. Na sa almakashi na raba kowace biyu. Kiraye-kirayen na jera su bi da bi na manna a babi na huɗu, na yi kwafi, suka fito gwanin sha'awa. Sallamomin na tara su wuri guda, na daidaita gindinsu da wuƙar yankan takarda don su yi tsawo ɗaya, na zuba a ambulan na rubuta "babi na tara". Ban taɓa haɗa babin ba. Wa zai ɓata zagayensa na wasa yana sallamar aljani? Sai na rubuta doka da hannuna: wanda aka kira zai tafi da kansa bayan zagaye uku.

Wanda aka kira ɗin bai karanta dokata ba.

Ran Alhamis Na'ibi ya jefa ɗan lido, shida ta fito, ya buɗe babi na huɗu ya karanta kira na bakwai da ƙarfi har da kwaikwayon muryar tsoho. Muka yi ta dariya. Ran Asabar matarsa Mastura ta bugo mini waya tana kuka.

"Yaya Jabiru, tun shekaranjiya bai ci ba. Yana tsaye bakin ƙofa da takalmi a hannu. Muryar ma ba tasa ba ce. Cewa yake a sallame shi."

Na san abin da na yi tun kafin ta rufe baki. Na ce mata ƙila gajiya ce.

Da na iso shagon da yammar nan, na ɗaga ƙofar shago ta yi ƙara. Na kunna fitila, ba ta kama ba. Hasken da ya rage shi ne jan nan na yamma da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Shagon da na sani da warin tawada da takarda mai ɗumi, yau turaren jawi yake yi. Irin na ɗakin Kaka.

Na ɗauko asalin littafin na buɗe a kira na bakwai. Na zazzage ambulan a kan kanta. Guda sha biyu, ba lamba, ba suna, duk rubutun mutum ɗaya. Ni na raba su, kuma ban san wacce ce ta wa ba. Dabara ɗaya ta rage: almakashina bai tafi a miƙe ba, kowace takarda da irin karkacewar bakinta. Na fara gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ba ta zauna ba. Ta biyu ma haka.

Wani abu ya faɗo ƙasa a bayana, ya gangara a kan tayil. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya bugi takalmina ya tsaya. Ɗan lido ne, shida a sama. Nawa yana gida.

Injin kwafi ya yi gurnani ya kunna kansa. Koren haskensa ya ratsa bango ya dawo. A bangon na ga inuwata, da wata kusa da ita wadda ta fi tawa tsawo.

"Ba wannan ba."

Muryar Na'ibi ce, a hankali, daf da kunnena. Na'ibi kuwa yana gidansa, tafiyar rabin awa a mota.

Ban waiga ba. Na ɗauki ta biyar. Ta shida.

"Yalla, yi sauri, Jabiru. Na daɗe a tsaye."

Ta tara ta zauna daram, baki da baki.

Na fara karantawa. Numfashi mai zafi na sauka a ƙeyata. Layi ɗaya. Biyu. Warin jawin ya fara raguwa. Uku. Huɗu. Inuwar ta matsa wajen ƙofa.

Sai takardar ta ƙare.

A can gindinta, kawunan haruffa ne kawai suka rage, ɗige-ɗige a bakin yanka mai kyau, miƙaƙƙe. Ita ce ta fi sauran tsawo. Wuƙata ta cinye layin ƙarshe, kuma ni da kaina na share guntayen na kai bola.

"Ƙarasa."

"Babu," na ce.

"Ƙarasa."

Ƙofar shago ta fara saukowa da kanta.

A daidai nan ladanin masallacin bayanmu ya ɗaga murya. Ƙofar ta tsaya a gwiwa. Na kwanta na murgina ta ƙasa, ƙarfen ya yage mini baya, na tashi da gudu ba takalmi ɗaya. Sai a sahun farko na masallacin na tsinci kaina, jini ya jiƙa rigata.

Washegari na kai littafin da ambulan Abhur na jefa a teku. Na cika alkawarin Kaka bayan ya daina amfani.

Na'ibi ya samu sauƙi. Yana ci, yana raha, ya san kowa. Amma tuƙi ya gagara, don da rana ta yi ja sai ya saki duk abin da ke hannunsa, ya ɗauki takalmi ya tsaya bakin ƙofa. Malamai sun yi iya yinsu. Abu ɗaya ke kwantar da shi, kuma ni kaɗai yake yarda in yi: in zo in taka masa zuwa ƙarshen layi, kamar yadda ake raka baƙo.

Shekara takwas ke nan ban fasa ba. Mastura kan tare ni da shayi ta ce, "Allah ya bar zumunci, Yaya Jabiru. Ko ɗan'uwansa na jini bai yi masa haka ba." In karɓa in sha. Ban taɓa gaya mata ba.

A ƙarshen layin yakan tsaya, ya juyo ya dube ni da idon da ba nasa ba, ya ce, "Ƙarasa."

Sai in kama hannunsa mu koma gida.