Littafin Aikin Nathan

Wata ranar Asabar Hannah ta fara ganinsa, a ajin Turancin manya da take koyarwa a Karu. Dogo ne, ya zauna can baya yana juya makullin mota. Sunansa Nathan, direba ne a Maitama.

Darasin ranar a kan kalmomin da ke fayyace wuri ne, irin su "right behind" da "directly opposite". Ta ce kowa ya riƙa kawo jimla ɗaya ta gaskiya duk mako.

Ta Nathan ta farko a gaban gidan ogansa ta tsaya. Ta biyu a gadar Nyanya. Ta uku kuwa: "I bought bread right beside Karu market." Hannah ta jera su, sai ta lura jimlolin tafiya suke yi, kuma layin gidan su Hannah suka nufa.

Kwana biyu tana rubutawa tana gogewa kafin ta tura saƙo:

"Nathan, wai ina jimlolin nan za su?"

"Malamata, mako mai zuwa za su tsaya just outside ƙofar Baba, in kin yarda."

Ta yarda. Mahaifinta, Baba Kure, tsohon hedimasta, shi ne ya ƙi.

"Na kai ki jami'a ki kawo mini direba? Ga David ɗan gidan Mato yana aikin gwamnati."

 Littafin aikin Nathan kawai Hannah ta ajiye a teburin Baba, ta san hannunsa ba zai haƙura ba. Ai kuwa ya ɗauki jan biro ya shiga farautar kuskure. Duk inda ta yi gyara, sai ya tarar Nathan ya sake rubuta jimlar sau goma.

Ya sa aka kira shi.

"Wa ya sa ka maimaita gyara sau goma?"

"Ba kowa, Baba. Ba na son Malama ta gyara mini abu ɗaya sau biyu."

Baba ya rufe biron.

"Shekara talatin ina neman ɗalibi irinka. Turo manyanka."

Ranar aure, cikin coci, Hannah ta raɗa masa, "Direbana, ina jimlar wannan makon?"

"Right beside you, Malamata."

Baba Kure ya ɗora musu hannu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya. Coci ta amsa da amin.