Filin da Ya Bari a Gefena

"Ka goge fuskar nan," na ce. "Don Allah ka goge ta kafin Baba ya iso."

Mai zanen ya ajiye buroshinsa. "Me ta yi miki, Auta?"

Wai me ta yi mini! Baba ne ya ɗauko shi ya zana dukan iyalinmu a ƙaton allon da za a rataye a falo, bai kuma san cewa a zaman da nake yi a gabansa muka kamu da son juna ba.

Kowa a zanen yana kallon gaba, fuska a ɗaure kamar hoton fasfo. Ni kaɗai hasken taga ya sauka a kaina, ina yi wa mai zana ni wani kallo da ko yaro zai gane. Sannan ya bar fili a gefena, daidai faɗin mutum ɗaya.

"Haka kike kallona, masoyiyata... hannuna bai iya ƙarya ba."

"To hannun naka zai raba mu. Baba yana son zane, amma bai ɗauki mai zane a bakin komai ba."

Sai muka ji tsayuwar mota.

Gwaggo ce ta fara shigowa. "Ni ce wannan? Ka tsufar da ni, ɗan nan." Yaya kuwa mita yake, wai don me aka mayar da shi layin baya. Alhali tumbinsa ne ya tare jikoki.

Sai Baba ya matso gaban allon. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan tawa ya tsaya.

Ya cire tabarau a hankali. "Na san kallon nan. Tun rasuwar mahaifiyarki ban sake ganinsa ba."

Hawaye suka zubo mini.

Ya nuna filin da ke gefena. "Nan fa, na wane ne?"

"Don... don haske ya samu hanya ne, ranka ya daɗe," in ji mai zanen.

"Haske." Baba ya daɗe yana kallonsa, har gumi ya keto wa mai zanen. "Ba na son giɓi a cikin iyalina. Ka cike shi da fuskarka."

Ya mayar da tabaransa.

"Amma ka fara rage mini wannan hancin tukuna."